Kayan wasan taɓawa da za a haɗa wa ƙananan yara a gida, da batun sa hatsi a ciki

Maman Fadila (Rafindadi):
Assalamu alaikum wa rahmatullahi, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya shafi renon ƙananan yara. Na sha ganin bidiyo a Facebook inda matan ƙasashen waje suke zuba shinkafa mai launi ko busasshiyar taliya a babbar roba, su bar yaro ya cusa hannu yana damƙa yana zubarwa, wasu kuma su ɗinka wa jariri ɗan littafin ƙyalle, kowane shafi da irin laushinsa ko kaushinsa. Suna cewa irin wannan wasa yana taimaka wa ƙwaƙwalwar yaro. 'Yata tana da shekara biyu da rabi, ƙanenta kuma yana wata takwas, kuma ina son abin da zai ɗauke hankalin babbar daga waya a lokacin da nake aikin gida. Shin maganar tana da tushe, ko kuwa dabara ce ta masu sayar da kayan wasa? Idan tana da tushe, me zan iya haɗawa da hannuna daga abin da muke da shi a nan Katsina?

Malama Rabi (Ƙofar Marusa):
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Maman Fadila, maganar tana da tushe, kuma mu da muke koyar da ajin share fage da ita muke aiki kullum. A cikin hanyoyin da ɗan Adam yake sanin duniya, taɓawa ce take fara aiki, domin tun ciki yana wajen mako 8 fatar da ke kewaye da bakin ɗan tayi take fara jin abin da ya taɓa ta. Shi ya sa ƙanen Fadila duk abin da ya damƙa sai ya kai baki, da leɓe da harshe yake bincike kafin yatsunsa su ƙware. Wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da ya yi aiki a Kanada, Wilder Penfield, ya zana yadda sassan jiki suka raba fili a cikin ƙwaƙwalwa, sai aka ga hannu da leɓe da harshe sun kwashe kaso mai girma ƙwarai, gadon baya kuwa duk faɗinsa ɗan kaɗan ya samu. Kina iya gwadawa a gida da tsinken tsintsiya guda biyu. Idan kika ɗora su a kan yatsan mutum idonsa a rufe, zai gane biyu ne ko da tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce milimita 2 zuwa 3 ba, amma a bayansa sai tazarar ta kai wajen santimita 3 zuwa 4 kafin ya daina jin su a matsayin guda ɗaya.

Wadda ta fi shahara wajen shigar da wannan cikin karatun yara ita ce Maria Montessori, likita 'yar Italiya, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, kuma 'ya'yan talakawa ta tara a cikinta. Ta yanka haruffa daga samfefa irin ta kafintoci ta manna su a kan allo mai santsi, yaro ya riƙa bin harafi da yatsa yana faɗin sautinsa tun kafin ya iya riƙe alƙalami. Tana kuma da akwatin ƙyallaye, a rufe wa yaro ido ya haɗa kowane ƙyalle da ɗan'uwansa ta hanyar shafawa kawai. A duk waɗannan babu wanda ya fi ƙarfin uwa a ɗakinta.

Mafi sauƙi ki fara da jakar laluɓe. Ki samu ƙaramar jakar yadi ki sa ludayi da soso da ƙwallon goruba da curin auduga da murfin kwano, Fadila ta sa hannu ba tare da ta leƙa ba, ta faɗi abin da ta taɓo kafin ta fito da shi. Sai kuma allon taɓawa: ki yanka kwali mai kauri, ki manna masa guntun tabarmar kaba da guntun buhun algarara da fata da karan-miski da samfefa, ki riƙa shafawa tare da ita kina gaya mata wannan kaushi ne, wannan laushi, wannan santsi. Akwai kuma wanda yara ba sa gajiya da shi. Idan kika haɗa sitacin masara awo biyu da ruwa awo ɗaya, ko kika ɗebo gasarar koko da ta kwanta kika tsiyaye ruwanta, za ki samu kwaɓin da yake yin tauri idan an damƙe shi da ƙarfi, ya narke ya zuba ta tsakanin yatsu da zarar an sassauta hannu. Ana kuma kwaɓa fulawa kofi 2 da gishiri kofi 1 da ruwa kamar kofi 1 a samu abin mulmulawa, a rina shi da ruwan zoɓo ko kurkum. Ita kuwa shinkafar da kika gani, gero ko dawa a faffaɗan tire suna maye gurbinta, a haɗa mata da ƙoƙo da mazurari ta yi ta awo.

Baba Malam (Unguwar Alƙali):
Malama, Allah ya saka da alheri. Bayaninki ya gamsar da ni a kan amfanin abin, kuma jakar laluɓe da allon taɓawa ba ni da ja a kansu. Inda nake da magana shi ne gero da dawa da fulawa da gasara, domin waɗannan abinci ne. Mu an rene mu a kan ko ƙwayar hatsi ɗaya aka gani a ƙasa a tsince ta, kuma ya inganta a hadisi cewa idan lomar mutum ta faɗi ya ɗauke ta ya goge abin da ya same ta ya ci. Allah ya hana almubazzaranci a suratul Isra'i, ya kuma hana ɓarna a ci da sha a suratul A'araf. To, ta yaya za mu zuba wa yarinya tiyar gero ta watsa a tsakar gida ana takawa, alhali a bayan katangarmu akwai gidan da ba a ɗora tukunya ba? Ba tsadar hatsi kaɗai nake dubawa ba, ko da yake kowa ya san yadda tiya take a kasuwa. Abin da ya fi damuna shi ne darasin da yarinyar za ta ɗauka: yau an nuna mata gero abin wasa ne, gobe kuma a tsawata mata don ta yi wasa da tuwo. Mai shekara biyu da rabi ba za ta iya raba waɗannan biyun ba.

Malama Rabi (Ƙofar Marusa):
Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan ƙorafi naka yana da ƙarfi, kuma har a ƙasashen da aka fi yin wasan akwai malaman yara da suka daina sa abinci a cikinsa saboda irin wannan dalili. Abin da ya sa ake zaɓar abinci shi ne sanin cewa ƙaramin yaro zai kai baki, don haka ake neman abin da ba guba ba. Kuma geron ba zubar da shi ake yi ba. Ana shimfiɗa zane ko tabarma a ƙarƙashin tiren, idan an gama a tattare a mayar a roba mai murfi, ya daɗe ana amfani da shi, daga ƙarshe a watsa wa kaji. Kwaɓin fulawa da gishiri kuwa ba ya komawa cikin kowa, ko na dabba, a nan kam hujjarka ta fi tawa.

Hajiya Goggo (Daura):
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, jikata ce take rubuta mini. Duk abin da Malama ta lissafa mun yi kwatankwacinsa muna yara ba tare da an taɓa rumbu ba. Tuwon ƙasa muke yi: mu samu gwangwani ko sakaina, mu kwaɓa ƙasa mu tuƙa, mu kwashe malmala, mu tsinko ganye mu yi miya. Da damina mu ɗebo laka mu gina tukwane da murhu da shanu da raƙuma mu shanya a rana, wanda ya tsage mu sake kwaɓawa, a nan muka san lakar da ta sha ruwa da yawa da wadda ba ta ji ba. Bayan girbi kuma sai kara, maza su ɓare ɓawonsa mai santsi su soka a totuwarsa mai taushi su ƙera mota da tabarau, mu kuma mu yi 'yar tsana mu ɗaura mata ƙyalle, waɗanda suka ɗan tasa su yi carafke da tsakuwa. Ƙaramar yarinya tana zaune kusa da mai tankaɗe hannunta yana cikin tsaki, ta koma wajen mai kaɗi tana jan auduga, ta rarrafa wajen mai ɗinkin faifai tana taɓa kaba.

Abin da ya canja shi ne yanzu an malale tsakar gida da siminti ko tayil, an kai niƙa inji an daina surfe da daka a gaban yaro, sannan an sa masa kaya masu tsada an hana shi ɓata su. Ni shawarata a ware wa yara kusurwa guda a zuba musu rairayi, a samo yumɓu wajen masu ginin tukwane, a kuma ajiye musu tsohuwar rigar da ba za a yi musu faɗa a kanta ba. Ku Katsinawa da hasumiyar Gobarau take tsaye a tsakiyar garinku da ginin ƙasa, bai kamata a ce 'ya'yanku ba su san yadda laka take a hannu ba.

Sista Hauwa (ma'aikaciyar jinya, Ƙofar Guga):
Goggo, Allah ya ƙara lafiya. Ina tare da ke a kan rairayi da yumɓu, amma da sharaɗi, kuma ina roƙon a karanta wannan a tsanake. Ƙasar da kaji da awaki da kyanwa suke bi tana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin da ke sa gudawa, yaro kuma daga hannu sai baki. Idan za a kawo rairayi, a tankaɗe shi da rariya a fitar da fasasshiyar kwalba da ƙusa, a wanke, a shanya a rana ya bushe sosai, sannan a zuba a baho mai murfi a riƙa rufewa saboda kyanwa da kunama. A yanke wa yaro farce, a wanke masa hannu da sabulu idan ya gama. A kuma san inda aka ɗebo ƙasar. Ba mu manta da abin da ya faru a maƙwabciyarmu Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan yankin Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurarsa ta gauraya da ƙasar da yara suke wasa a kai. Don haka kada a ɗebo ƙasa kusa da bola ko garejin makanikai ko inda ake fasa tsofaffin batura.

Babban tsorona kuma shi ne shaƙewa. Yaron da bai kai shekara 3 ba bai kamata a ba shi ƙaramin abin da zai iya wucewa maƙogwaronsa ba. Masu gwada kayan wasa a Amurka suna da ɗan bututu mai faɗin kusan santimita 3.2, duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ba a yarda a sayar wa masu wannan shekaru ba. A gida kwalin da ake naɗe tishu a jikinsa ya isa ma'auni, abin da ya wuce ta cikinsa a ɗauke. Wannan ya haɗa da gyaɗa da wake da gurjiya da ƙwallon dabino da maɓalli da duwatsun ado da tsabar kuɗi da fasasshen balan-balan. Ƙananan ƙwallayen nan masu launi da suke kumbura idan an jiƙa su, waɗanda ake gani a irin bidiyon da Maman Fadila ta ambata, kada su shigo gida ko kaɗan, domin idan yaro ya haɗiye su a cikin hanjinsa suke ci gaba da kumbura. Kwaɓin fulawa da gishiri ma ba na mai kai wa baki ba ne, gishirin ya yi wa jikin ƙaramin yaro yawa, ɗanyar fulawa kuma tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta.

Idan za a tsinto abin wasa daga daji, a kiyayi idon zakara, jajayen 'ya'yan nan masu baƙin ɗigo da suke ba yara sha'awa, da 'ya'yan zurma da na bini-da-zugu, dukkansu guba ne. Audugar tumfafiya tana da laushi, amma farin ruwan jikinta yana cutar da ido. Wasan ruwa kuma, ko bokiti ne da ruwa kaɗan a ƙasansa, mai rarrafe yana iya faɗawa da ka ya kasa fita, don haka a zubar da zarar an gama.

Baban Sadik (manomi, Batagarawa):
Sista, Allah ya biya. Bari in ƙara abu guda daga ɓangarenmu na noma, domin akwai hatsin da ya fi ƙasa haɗari. Irin shuka da ake sayarwa a leda, musamman masara, galibi an cuɗa shi da magani, shi ya sa za ku gan shi da launin ja ko shuɗi ko kore. Wannan launi gargaɗi ne, amma yaro zai ɗauke shi ado, uwa ma da ba ta sani ba tana iya cewa ta samu hatsi mai launi irin na bidiyo. Haka kuma waken kasuwa, akwai masu sa masa maganin ƙwari a buhu don ajiya. Wanda za a dafa ana wanke shi, wanda aka zuba wa yaro a tire kuwa da ƙurarsa yake taɓa shi.

Game da saɓanin Baba Malam da Malama, ni ina ganin dusa za ta raba gardama. Dusar gero ko ta masara tana da laushi, tana zuba daga ƙoƙo kamar yadda gero yake zuba, ana iya ɓoye cokali ko murfi a cikinta yaro ya laluɓo, idan an yayyafa mata ruwa kaɗan kuma tana dunƙuluwa. Idan an gama a zuba wa akuya, dama can abincinta ce. Sai dai kada a ajiye wadda ta jiƙa domin tana yin fumfuna, kuma kada a yi wasan a cikin iska saboda ido. Totuwar masara bayan an ɓare ƙwayar, da ɓawon gyaɗa ga waɗanda suka wuce shekara uku, su ma suna da nasu kaushin. Ƙaiƙayi ne kawai zan ce a nisanta, kowa ya san abin da yake yi wa fata.

Baba Malam (Unguwar Alƙali):
Baban Sadik, ka kawo maslaha. Dusa daga wajen dabba aka aro ta, wajenta kuma za ta koma, babu abin da ya salwanta, kuma yarinya ba ta ganin ana tuƙa ta ana ci. Da dusa da rairayin Hajiya da yumɓu, ban ga abin da ya rage wa gero ba.

Tun kafin wani ya tambaya game da shanu da raƙuman laka da 'yar tsana da Hajiya ta ambata, ya zo a Bukhari cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta, kuma malamai da yawa sun kafa hujja da wannan wajen yi wa yara sauƙi a kayan wasansu. Haruffan samfefa da Malama ta ambata kuma sun ba ni sha'awa ƙwarai. Ana iya yanka babbaƙu, alif da ba da ta, a manna a kwali, ko a baje rairayi a tire yaro ya zana su da yatsa ya shafe ya sake, kafin ranar da za a miƙa masa allo da tawada. Sharaɗina haruffa ne ɗai-ɗai, ba aya ba, kuma ba a ƙasan da ake takawa ba.

Malama Rabi (Ƙofar Marusa):
Na karɓi dusa a madadin gero, Baba, kuma zan gwada yumɓu a madadin fulawa a ajina. Gasara ce har yanzu nake riƙe da ita, domin abin da take yi a hannu, tauri da narkewa a lokaci guda, laka ba ta yin sa, dusa ma ba ta yin sa. Cokali uku ko huɗu daga abin da ya rage a gindin ƙwarya sun isa, kuma bayan wasa ana iya haɗa ta da ruwan dabbobi.

Baba Malam (Unguwar Alƙali):
A kan gasara ban sauka daga ra'ayina ba, Malama, domin ita ce kokon da za a dama wa yarinyar da safe, kuma za ta gane ta. Amma ba na cewa wanda ya yi ya yi haramun. Kowa ya duba halin gidansa da na maƙwabtansa.

Maman Zainab (tela, Sabuwar Unguwa):
Maman Fadila, littafin ƙyallen da kika ambata aikinmu ne, kuma ƙyallayen da yake buƙata sharewa muke yi muna zubarwa. Ki je wajen telan unguwarku ki roƙi guntaye iri-iri: shadda mai santsi da ƙarfi, atamfa, leshi mai huji-huji, karan-miski, yadin sanyi mai gashi, saƙi idan an samu, ki ƙara da guntun tawul daga gida. Ki wanke su duka tukuna, domin sabon yadi yana da sitaci, wasu kuma suna zuba. A yanka su murabba'i kamar faɗin tafin hannu biyu, a haɗa biyu-biyu baya da baya, a sa siririn soso ko auduga a tsakiya, a bi gefen da ɗinki sau biyu, sannan a haɗe shafukan ta gefe guda. Idan aka sa tsabtatacciyar leda mai ƙara a cikin shafi ɗaya aka ɗinke ta ruf, jariri yana jin daɗin ƙarar idan ya damƙa. Kada a sa maɓalli ko dutse ko leshi mai duwatsu, kada a bar zare yana reto, kuma kada a sa igiyar da za ta iya zagaye wuya. Bayan kowane wanki ki ja kowane ɗinki da ƙarfi ki gani ko ya saki.

Malam Kabiru (Dutsin-Ma):
Na bi muhawarar tun daga farko, kuma akwai wani ɓangare na tambayar Maman Fadila da ba a taɓa ba. Ta ce tana son abin da zai riƙe yarinya yayin da take aiki. Gaskiyar magana, mafi yawan abin da aka lissafa ba a barin mai shekara biyu da rabi da shi ita kaɗai, saboda haɗarin da Sista ta faɗa, kuma saboda amfanin ba a jikin kayan kaɗai yake ba. A Kingston ta ƙasar Jamaika, daga 1986 zuwa 1987, aka fara wani bincike a kan yara 'yan wata 9 zuwa 24 da rashin abinci mai gina jiki ya tauye girmansu. Ma'aikatan lafiya suna ziyartar wasu daga cikin gidajen kowane mako har shekara biyu, suna kai kayan wasan da aka haɗa da hannu, suna nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta tana yi masa magana tana yaba masa. Bayan kimanin shekara 20 aka bibiyi yaran, aka tarar waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. Kayan wasan na arha ne, uwar aka koya wa aiki da su. Idan Fadila ta damƙi soso, aka ce mata yana da kaushi, aka tambaye ta wanne ya fi laushi tsakaninsa da auduga, to hannu da kunne da harshe suna koyo tare.

Game da waya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, masu shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana.

Maman Fadila (Rafindadi):
Malam, na fahimta, amma a nan matsalata take. Idan sai na zauna da ita, wa zai yi girki da wanki, ga kuma goyo?

Hajiya Goggo (Daura):
'Yata, ba a ce ki bar aiki ba, ki jawo ta cikin aikin. Idan kina wanke-wanke ki ba ta ƙaramin kwano da soso a gefenki. Idan kina gyaran zogale ko rama ki ba ta reshe ta tsinke ganyen. Idan kina wanki ki ba ta ɗankwali ta cuɗa, idan kina ninke kaya ta ware miki tawul daban atamfa daban. Tana inda idonki yake, bakinki kuma ba a ɗaure yake ba, kina aiki kina gaya mata sunan abin da ta riƙe. Wuta da wuƙa da ruwan zafi da barkono ne kawai za ki nisanta mata. Bahon rairayin kuma ki ajiye shi inda kike hangowa daga madafi.

Maman Nasir (Gafai):
Ni tawa tambayar daban ce. Ɗana yana da shekara uku, amma ba ya yarda hannunsa ya taɓa abu mai danƙo ko yauƙi, ko tuwo ya maƙale masa a yatsa sai kuka, kuma ba ya taka rairayi babu takalmi. Shin in tilasta masa har ya saba?

Malama Rabi (Ƙofar Marusa):
A'a, Maman Nasir, kada ki kama hannunsa ki cusa, tilas tana ƙara masa ƙyamar abin ne. Akwai yaran da suke jin taɓawa fiye da sauran, abin da wani yake ji kaɗan su da ƙarfi suke jin sa. Ki fara da busassun abubuwa kamar ƙyalle da dusa, ki ba shi ludayi ko kara ya taɓa da shi maimakon yatsa, ki ɗaure laka a leda mai kauri ya matsa ta waje, ki kuma ajiye ruwa da tsumma kusa don ya san zai iya gogewa duk lokacin da ya so. Ke ki riƙa yi a gabansa ba tare da kin ce ya yi ba. Idan kuma abin ya haɗu da jinkirin magana, ko rashin waiwayowa idan an kira sunansa, ko ƙin abinci iri-iri har yana ramewa, ki kai shi wajen likitan yara a duba shi da wuri.

Maman Fadila (Rafindadi):
Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan nemi dusa da rairayi, gobe kuma in je wajen tela. Sista, saura ƙaramin: me ya dace da mai wata takwas, kuma me zan yi idan ya ɗauki wani abu daga kayan yayarsa ya shaƙe?

Sista Hauwa (ma'aikaciyar jinya, Ƙofar Guga):
Mai wata takwas littafin ƙyalle ya ishe shi, da manyan abubuwa masu tsabta kamar ludayi da muciya ƙarama da kofin silba da faifai. Ki riƙa sa shi rarrafe a kan tabarma da darduma da tawul, tafin hannunsa da gwiwarsa suna jin bambancin, kuma shafa masa man kaɗanya bayan wanka, musamman da hunturu, shi ma taɓawa ce da yake amfana da ita. Dusa da rairayi da yumɓu ki bar su sai yana barci ko yana bayanki.

Idan ya shaƙe amma yana tari da ƙarfi ko yana kuka, ki bar shi ya yi tarin, kada ki cusa yatsa kina laluben abin da ba ki gani, domin kina iya tura shi ciki. Idan ya kasa kuka ko numfashi, ki kifa shi a kan hannunki kansa ya fi ƙirjinsa ƙasa, kina tallafe da haɓarsa, ki buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau 5. Idan abin bai fito ba ki juyo shi rigingine ki danna tsakiyar ƙirjinsa da yatsu biyu sau 5, ki ci gaba da maimaitawa yayin da wani yake neman abin hawa zuwa asibiti. Idan wake ko ƙwayar masara ta shiga hanci ko kunne, kada a zuba ruwa domin kumbura take yi, kuma kada a sa tsinke, a kai asibiti a cire. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli, irin na agogo da na wasu kayan wasa, idan ana zaton yaro ya haɗiye shi a tafi asibiti nan take ko da yana wasansa lafiya, domin yana iya ƙona hanyar abinci a cikin awa biyu.